Makunni Mai Kwaɗo a Ƙasan Benen Stratford

Ladan bai gama gyaran murya ba muka ja ƙofar gida, ni da Hajiya. Ita da akwati biyu da ƙullin kuka da daddawa, wanda ta rantse ko sojan Ingila bai isa ya raba ta da shi ba. Ni kuwa jaka ɗaya, sai 'yar testata ta gwada wuta a aljihun gaba. A filin jirgi aka ce ba a shiga da ita a jiki. Na tsaya ina yi wa ma'aikacin bayanin cewa shekara talatin ba mu taɓa rabuwa ba, Hajiya ta fizge ta ta cusa cikin kayan miya. Haka testa ta shiga London tana warin daddawa.

Ku 'yan majalisa kun san ni. Injiniya kuke ce mini, alhali kuna sane aji uku na yi a firamare, kuma ranar da na kwance agogon hedimasta don in ga abin da ke motsi a ciki, ranar karatuna ya ƙare. Sauran ilimin wutar lantarki ce ta koya mini, ita kuwa ba ta duka sai fizga. In kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake buga shi, yatsan ma ya sha fizga.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yar farina ce a can, wadda ba na kama sunanta, da mijinta da 'yarsu ƙarama. Sun yi shekaru a matse cikin ɗaki ɗaya a gidan dangin mijin a Catford, suna jiran council, wato hukumar yankin, ta ba su wurin zama. Bara aka ba su flat, wato sashe a wani dogon bene, a Stratford. Ta kira ni tana murna, ta juya wayar ta nuna mini taga, sai na ga tsuntsu yana shawagi a ƙasa da ita. Na ce hawa na nawa ne wannan? Ta ce na goma sha tara. Na ce in gobara ta tashi fa? Ta ce ai akwai famfo mai tura ruwa har sama. Na ce wa ke ba famfon wuta? Ta ce wannan kam ba ta sani ba.

Nan take na yanke hukunci irin na tsofaffi. Na ce zan zo in gani da idona, in ban gamsu ba su mayar wa council makullinta. Ta ce, "To, Baba." Mijin, yaron kirki mai kunya, ya ce duk yadda Baba ya yanke. Sai daga baya Hajiya ta fahimtar da ni cewa a can wanda ya mayar da gida da hannunsa ba a sake kiransa. Na ji, amma ban janye ba. Ina da dalilina, zan zo kansa.

Jirgin farko ya ajiye mu a wata ƙasa da ban riƙe komai nata ba sai tsadar shayi. Na biyu ya ɗauke mu ya haye saman gajimare. Jama'a, ashe gajimare yana da baya. Mu da muke ƙasa cikinsa kawai muke gani. Daga sama kamar an shanya auduga a kan rufin duniya, fara fat, babu sawun kowa. Na jingina goshi da taga, barci yana ɗaukata yana saki, har na ga kamar marigayi maigidana da ya koya mini aiki yana tafe a kan audugar nan da tsaninsa a kafaɗa, yana neman falwayar da zai jingina shi. Hajiya ta zungure ni ta ce ina minshari.

Da muka sauka 'yar tawa ta tarye mu, ta durƙusa nan tsakiyar Turawa ta gaishe ni, ta ɗaura mini wata riga mai kumburi da ta mayar da ni kamar buhun gawayi. Muka shiga jirgin ƙasa na layin Elizabeth. Ba a karɓar kuɗi a hannu, kati ake dangwalawa ƙofa ta buɗe da kanta. Jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa yana tafiya sumul, cike da mutane amma tsit, kowa ya toshe kunne ya sunkuya kan wayarsa. Na yi wa na kusa da ni sannu. Ya cire abin kunnensa ya duba ƙafata, ya zaci taka ni ya yi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai da muka fito a Stratford shi ne sama. Wankakkiya, babu falwaya, babu wayar da ta gitta titi, babu wadda wani ya saƙalo daga gidan maƙwabci. Na ce ina wayoyin garin nan? Aka ce a ƙasa aka binne su. Sai na ji kamar na shiga gari babu dangina ko ɗaya.

Benen hawa ashirin da biyu ne. Lif ya ɗauke mu, cikina ya biyo mu daga baya. Gidan kuwa ba laifi: ɗaki biyu, falo, kicin, ɗumi ko'ina. Jikata ta zo na ce ina kwana amarya, ta ji ni sarai, ta mayar mini da Turanci. Da safe gajimare yakan sauko ya rufe garin, sai ka leƙa ka ga babu ƙasa, babu titi, kawunan dogayen benaye kaɗai ke tsaye cikin farin abu kamar jiragen ruwa da aka ɗaure. Can ƙasa kana jin jirgi yana wucewa amma ba ka ganinsa. Nakan ɗauki shayi in zauna nan, in rasa a farke nake ko har yanzu ina kan waccan audugar.

A jikin firij kuwa akwai wata takarda da aka manna da maganaɗisu. Na tambayi Hajiya, ta ce takardar mayar da gida ce, an cike komai, sa hannu kawai ya rage. 'Yar tawa ba ta ce mini uffan a kanta ba. Ta dai ajiye ta inda duk lokacin da na je shan ruwa sai mun haɗa ido.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri kaɗan kafin Hajiya ta riga ni. A Ingila kowane soket yana da ɗan makunninsa. Ni kuma kun san tarbiyyarmu: in za ka fita ka kashe komai, kada a kawo wuta da ƙarfi ta ƙone maka kaya. Hannuna ya saba, ba ya shawara da ni. Kwana na biyu na kashe na firiza, naman da aka tanada don zuwanmu ya narke ya yi ruwa har ƙofar kicin. Kwana na uku na kashe wani ɗan akwati mai ƙyafta ido a falo, ashe shi ke ba gidan intanet, surukina kuwa yana tsakiyar taron ofis a ɗaki. Ya fito a guje, ya gan ni, ya tsaya ya ce, "Baba, sannu da hutawa." Kafin la'asar an bi duk makunnan gidan an liƙe da salatif.

Ranar Juma'a muka je Whitechapel. Masallacin ya cika har waje, sahu ɗaya ka ga launin mutane kamar an zube akwatin zare. A bakin titi kasuwa ce ta rumfuna, kifi da kayan lambu da gyale da kubewa dogaye sirara. Na ɗauki mangwaro ɗaya, aka gaya mini kuɗinsa, na juya shi zuwa naira a kaina, na mayar da shi a hankali na ba shi haƙuri. Aka saya mini soyayyen kifi da dankali, abincin da suke alfahari da shi. Kifin kirki ne, amma ko gaisawa da yaji bai taɓa yi ba. Hajiya ta zaro ƙullin yajinta daga jaka, muka musuluntar da shi.

Ranar Lahadi muka shiga bas zuwa Catford gaida dangin suruki. A saman ƙofar wata kasuwa akwai gunkin ƙatuwar kyanwa baƙa da fari, ta miƙo hannu kamar za ta karɓi hular mai wucewa. Mutanen suka karɓe mu da tuwo da miyar kuka, Hausa ta cika falo, sai ka ce Fagge. Bayan an ci na nemi a nuna mini ɗakin da su 'yar tawa suka zauna. Gado ɗaya ya cinye shi. Bango ya yi baƙin danshi a kusurwa, tukwane a ƙarƙashin gado, taga tana kallon bangon maƙwabci. Nan za su dawo in na ce a sa hannu. Na leƙa tagar na ce a raina, amma dai nan ko gurgu zai iya dira. Da na waiwaya sai na ga 'yar tawa ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa. 

Washegari na ce ba zan yanke hukunci daga kan kujera ba. Na bar lif na bi matakala. A kowane hawa akwai ɗan akwati da bakin bututu a ciki, inda 'yan kwana-kwana ke ɗaura tiyo. A silin kuma 'yan kawunan ƙarfe ne masu ɗan gilashi ja, waɗanda aka ce in zafi ya fasa su sai su yi feshin ruwa. Na bi bututun nan ina sauka, gwiwoyina suna zagina hawa bayan hawa, har na wuce ƙofar fita na kai ƙasan ƙasa. Bututun ya shige bango kusa da wata ƙofar ƙarfe a kulle. Ina tsaye ina lissafin yadda zan yi da ita, sai ta buɗe, wani dattijo mai farin gemu da rigar aiki rawaya ya fito yana waya. Da Hausa.

Na jira ya gama na ce, "Sannu da aiki."

Ya yi baya. "Ei, Alaji! Ina ka samo wannan Hausa mai nauyi?"

"A inda ake yin ta. Kai ina ka tsinci taka?"

Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a London, aikinsa zagaya benaye yana duba famfunan kashe gobara da wutar da ke tuƙa su. Na ce ni ma injiniya ne. Ya dubi testar da ke aljihuna, ya shaƙi iska, ya ce injiniyan miya ko na wuta? Nan muka ƙulla. Na gaya masa abin da ya kawo ni da takardar da ke jikin firij. Ya ce ɗakin ba kowa ke shiga ba, amma gobe za a yi babban gwaji, zai roƙi matar da ke kula da benen. "In madam ya yarda, ka zo da safe. Amma hannu a aljihu, Alaji."

Da la'asar ɗin ranar na zauna a taga, gajimare yana wucewa a hankali dab da gilashi. To ga dalilin nawa, wanda ko Hajiya ba ta sani ba sai a tafiyar nan. Da yawanku kun tuna gobarar kasuwarmu, wadda ta tashi daga layin teloli. Kun tuna matasa sun ja tiyo daga famfon rijiyar burtsatse, ruwa yana fita da ƙarfi, wutar har ta fara ja da baya. Kun tuna na ruga na ja babban makunnin kasuwa, don kada masu riƙe da ruwa su haɗu da waya mai rai. Wannan daidai ne, ko yau haka zan yi. Kun kuma tuna a daidai lokacin tiyo ya yi tari biyu ya kwanta, aka ce famfo ya lalace, ƙaddara ce. Kafin motar kwana-kwana ta iso layi uku sun tafi, har da shagon wani tela abokina.

Famfon bai lalace ba. Ni na haɗa shi. Da aka ba ni aikin, kamata ya yi in ja masa layinsa shi kaɗai tun daga falwaya, yadi arba'in. Ƙiwa ta kama ni, da son a ce Injiniya ya gama aiki kafin azahar, sai na ɗauko masa wuta daga bayan babban makunnin shaguna, taku biyar. Da na kashe kasuwa, na kashe ruwa. Mayar da makunnin kuma ba dama, wayoyi sun riga sun narke sun haɗe. Na tsaya hannuna a kan ƙarfen nan ina jin famfo yana mutuwa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Aka yi ta sa mini albarka, ana cewa ba don Injiniya ba da an kwashi gawa. Na karɓi albarkar na sa a aljihu. Da aka sake gina kasuwar wani ya bi tsohon tsarina ya mayar da komai yadda yake, na gani na yi shiru, don in na yi magana za a tambaye ni yaya aka yi na sani.

Shi ya sa da aka ce mini akwai famfo hankalina bai kwanta ba. Na san famfo. Na san abin da ke kashe shi.

Da safe madam ta yarda. Aka ba ni rigar rawaya da abin toshe kunne, na sa hannu a littafin baƙi da rubutuna mai kama da sawun kaza. Mutumin Kumasi ya buɗe ƙofa.

Na yi zaton zan ga ɗakin inji irin namu, baƙin mai da tsumma. Sai na ga wuri tas kamar ɗakin tiyata. Manyan famfuna biyu jajaye suna kwance gefe da gefe kamar shanun da suka ƙoshi, da wani ɗan ƙarami kusa da su. Bayansu tankin ruwa ne da ya fi ɗakin Catford girma. A bango akwatunan ƙarfe da 'yan fitilu kore. Babu motsi, sai wani siririn amo da ba ka sani ba a kunnenka yake ko a ƙirjinka. Benen nan duka, da mutanensa da tukwanensu da jariransu, yana zaune a kan ɗakin nan, yawancinsu ba su ma san da shi ba.

Idona ya tafi kan wayoyi. Jajaye ne masu kauri, guda biyu. Ɗaya ta shigo ta bangon gabas, ɗaya ta bangon yamma, ba su haɗa hanya ba sai a cikin akwati ɗaya. Ya ce da gangan ne: in wuta ta cinye hanyar ɗaya, ɗayar tana can wani gefe. Rigar da ke jikinsu ma ba irin tamu ba ce, an yi ta ne ta jure wuta ta ci gaba da aiki. Ta gabas daga wutar gari take, ta yamma daga janareta da ke bayan bango.

Na yi tambayar da ta taso ni daga Kano. Na ce in 'yan kwana-kwana suka zo suka kashe wutar benen gaba ɗaya fa?

"Su kashe. Wannan layi bai bi ta nan ba. Kafin babban makunni aka ɗauko shi, shi kaɗai. Ko fitila ɗaya ba a jona masa."

Kafin babban makunni. Yadi arba'in ɗina ke nan, an ja su a ƙasar wasu.

Na ce to ina abin da ke katse wuta in inji ya yi zafi? Don mu duk rayuwarmu aikinmu ke nan, mu kare inji kada ya ƙone, na niƙa ne ko na rijiya. Ya ce fiyus akwai, babba, sai waya ta haɗu yake tashi. Amma na zafi babu. "In ya yi zafi, ƙararrawa ya yi kuka a ofis, shi ke nan. Ba ya tsayawa. In zai ƙone ya ƙone, ruwa dai ya hau sama. Inji ana saye wani, Alaji." Ya ce kuma in ya tashi ba ya kashe kansa, sai mutum ya sauko ya tsayar da shi da hannu. Na daɗe ina kallon jajayen shanun nan. An ajiye su shekara da shekaru ana shafa su, don rana ɗaya tak, kuma an riga an gaya musu in ranar ta zo babu hutu.

Sannan na ga makunnin. Babba, a kunne, an ratsa masa kwaɗo. Ni a sanina ana sa kwaɗo ne don kada wani ya kunna ya sha wutar da ba tasa ba. Wannan an kulle shi ne don kada a kashe. Ga inji a kwance ba ya aiki, ga makunni a kunne, ga fitila tana ci da rana tsaka. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya fita daga aljihu ba. Sai ji na yi an buge shi.

"Ka gani? Saboda irinka aka yi kwaɗon nan."

Ya kira ofis ya ce za a fara gwaji kada kowa ya firgita. Muka toshe kunne. Ya murɗa wani bakin bututu, allurar agogon ruwa ta fara sauka. Ƙaramin famfon ya tashi yana ƙoƙari, allura ta ci gaba da sauka, sai babban ya farka da kansa, babu wanda ya taɓa shi. Ƙasa ta ɗauki rawa. Ruwa yana zagayawa ta bututun gwaji yana komawa tanki, ina jin sa a tafin ƙafata. Mutumin Kumasi ya sa wani ɗan makulli a jikin akwatin da wayoyin biyu suka haɗu, ya kamo hannuna ya ɗora a kai, nasa a kan nawa. Ya ɗaga mini abin kunne ya yi ihu: "Yau kai ne mai ɗauke wuta. Murɗa!"

Na murɗa.

Fitilu kore suka mutu. Famfon ya fara sauke murya, yana ja, yana ja, har ya yi shiru. Na san shirun nan. Na sha jin sa ina cin abinci, na sha jin sa a sahu. Ɗakin tiyatar ya ɓace. Ina tsaye a bakin layin teloli, rana tana dukan ƙeyata, ƙaurin yadi da roba ya cika mini hanci, tiyo yana kwance cikin taɓo, matasan nan sun waiwayo suna duban famfo, ni kuma hannuna a kan ƙarfe. Na ga keken ɗinkin abokina yana lanƙwashewa. Na ga takarda a jikin firij. Bakina yana ƙirge da kansa, ɗaya, biyu, uku, kamar ɗan aji ɗaya.

Ban kai goma sha biyar ba. Bayan bango wani abu ya yi gyaran murya ya kama ruri. A cikin akwatin aka ji ƙwas, kamar an rufe ƙofar mota. Fitilu suka dawo. Famfon ya ɗaga murya daga inda ya ajiye ta, allura ta miƙe tsaye, ƙasa ta koma rawa. Babu wanda ya ruga, babu wanda ya ja igiya, babu wanda ya yi ihun a kawo fitila. Na kashe wuta, ruwa bai mutu ba.

Na ce masa abin kunnen nan yana matse mini ido. Ya ce haka yake yi wa mutane. Na ce a sake. Ya ce ba lilo ba ne.

Da ya tsayar da komai ya mayar da layi kan wutar gari, muka zauna a kan matakala, na ba shi goro, na kuma ba shi labarin kasuwa, shi ne mutum na farko da ya ji shi daga bakina. Bai yi mini wa'azi ba. Ya tauna goronsa ya ce yadi nawa ne? Na ce arba'in. Ya ce kasuwar tana nan? Na ce tana nan. Ya ce, "To ka koma ka ja shi mana."

Na hau lif, wannan karon tare da cikina. Na tarar da su a kicin. Na cire takardar daga jikin firij na ce a ba ni biro. Fuskar 'yar tawa ta canja, amma ta je ta ɗauko, ta miƙo da hannu biyu. Hajiya ta ajiye ludayi. Na kife takardar a kan tebur, na fara zane a bayanta: ga falwaya, ga babban makunni, ga layin famfo ya fita ta gabansa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, ga janareta ta ɗaya gefen.

"Baba, wannan form ɗin ne fa."

"Na sani. Bayansa fari ne, kada a yi asararsa. Ku zauna a gidanku."

'Yar tawa ta juya ta fuskanci tukunya, ta daɗe tana juya miyar da ta riga ta nuna. Hajiya ta ce, "Tsoho, da ka faɗa tun a Kano ai da ba a narkar mana da nama ba."

Ba zan ce muku tsoro ya fita duka ba. Hawa goma sha tara hawa goma sha tara ne. Kafin mu taho sai da na sa su duka suka bi matakala da ni har ƙasa, don ƙafa ta san hanya. Amma sauran kwanakin na sha shayina a taga ina kallon gajimare da zuciya ɗaya, ina sane da jajayen shanu biyu a can ƙasa, da dattijon zango mai zuwa duba su.

Mun sauka Kano da rana, zafi ya rungume ni tun daga matakalar jirgi. A hanyar gida na ga wayoyinmu sun cika sama, a harɗe, a saƙale, wata ta yi ciki har tana shafar motar itace, na ji kamar in sauka in gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Muka tarar an ɗauke wuta. Na ce madalla, mun iso.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, dama kan nawa ba ya ɗaukar kaya da yawa. Na tafi in binciki aikin wasu, na tarar nawa ne ke da gyara. Na kusa fitar da 'yata daga gidanta saboda wayar da ni ne ban ja ba. Kuma na gane duk abin da aka ajiye don mummunar rana, ba a haɗa masa hanya da abin yau da kullum.

Shekaranjiya na je wurin shugabannin kasuwa da takardar council a hannu, na juya musu bayanta, na faɗa musu abin da na faɗa muku yanzu. Wani ya yi salati, wani ya tashi ya fita, ban ga laifinsa ba. Abokina tela kuwa, sai da na miƙe zan tafi ya ce yaushe za a fara. Jiya muka ja layin, yadi arba'in cif, shi ya riƙe mini tsani. Namu canjin zuwa janareta na hannu ne, an nuna wa masu gadi biyu yadda ake yi. Makunnin famfon yana kunne, na saya masa kwaɗo mai kyau na ratsa.

Makullin kuwa na ba tela. Na san hannuna.